Sirrin Kwali: Me Ya Sa Wasu Kayan Wasa Ke Zuwa Shago Kaɗan-Kaɗan?

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Daura, ko Mai'aduwa, ko Zango, ya san allon balan-balan. Ranar sallah, bayan an sauko daga idi, mai tebur zai kafa wani faffaɗan kwali da aka jera wa balan-balan, kowace da lambarta. Ƙanana sun cika allon, matsakaita 'yan kaɗan ne, sannan ga wata ƙatuwa guda ɗaya tal a sama tana ɗaukar ido. Yaro ya miƙa kuɗin barka da sallarsa, ya ɓalle takarda a naɗe, ya buɗe. Lambar da ya gani ita ce rabonsa. Yara ashirin za su biya, dukkansu ƙatuwar suke hari, amma kusan kowa da ƙarama zai koma gida.

Wanda ya tsara allon nan bai rasa robar da zai yi manyan balan-balan goma ba. Ya san cewa da zarar manyan sun yi yawa, babu yaron da zai sake biya karo na biyu. A kan wannan dabara manyan kamfanonin kayan wasa na duniya suka gina kasuwar biliyoyin daloli, kuma ita ce yau ta shigo cikin wayar salula ta hanyar gem da tallace-tallacen TikTok. Wannan darasi zai yi bayanin yadda ake tsara kwalin kayan wasa tun daga masana'anta, da dalilan da ke sa wasu su yi ƙaranci, da abin da ke faruwa da su kafin su iso Daura, da kuma lissafin da ya kamata mai saye ya yi kafin kuɗi su bar hannunsa.

Yadda ake cika kwali a masana'anta

Abu na farko da za a fahimta shi ne, mai shago ba ya zaɓar kayan wasa ɗaya bayan ɗaya daga kamfani. Kwali yake saye a rufe, kuma kamfani ne ya riga ya yanke abin da ke ciki. Idan jerin 'yan tsana ya ƙunshi mutum shida, ba dole ba ne kwali mai guda goma sha biyu ya zo da bibbiyu na kowanne. Yana iya zuwa da jarumin fim guda huɗu, abokinsa uku, wasu biyu bibbiyu, na biyar guda ɗaya, na shida kuwa sai a kwali na gaba. Wanda aka sa kaɗan shi ne zai fara ɓacewa daga kanta, shi ne kuma masu tarawa za su yi ta nema.

Ƙananan motocin Hot Wheels na kamfanin Mattel, waɗanda aka fara sayarwa a 1968, su ne misali mafi sauƙi. Kwalinsu na sari yana ɗauke da mota 72. A 1995 kamfanin ya ƙirƙiro wani rukuni da ya kira Treasure Hunt: motoci 12, kowace an yi guda 10,000 kacal, aka barbaza su cikin kwalayen sauran motoci. A 2007 ya ƙara wani rukunin da ya fi wannan wuyar samu, Super Treasure Hunt, mai fenti na musamman da tayoyin roba. Ba kowane kwali ke zuwa da ita ba, amma idan ta zo, a farashin sauran ake rataye ta. Shi kuwa kamfanin Funko na Amurka, mai 'yan tsana masu ƙaton kai, yakan canza wa wasu launi ko sutura ya kira su Chase, ya sa guda ɗaya cikin kowane shida.

Dalili na farko: hasashen kasuwa

Ba kowane ƙaranci ne dabara ba. Kamfani yana yanke adadin da zai yi watanni da yawa kafin kaya su isa shago, don haka hasashe yake yi. Ya san yara za su fi son jarumi a kan mugu, za su fi son motar tsere a kan motar ɗaukar kaya. Sai ya cika kwali da wanda yake sa ran zai tafi, ya rage wanda yake tsoron zai kwanta. Ɗan kasuwa ya fi tsoron kwantai a kan ƙarewar kaya, domin kayan da suka ƙare sun bar riba, waɗanda suka kwanta kuwa sun danne jari kuma sun tare wuri.

Abin mamakin shi ne, sau da yawa wanda aka raina shi ke zama mai tsada daga baya. Tunda an yi shi kaɗan, mai son cika jerinsa dole ya neme shi, kuma idan masu nema suka fi kaya yawa, farashi ya tashi.

Dalili na biyu: kuɗin ƙira

Kowace 'yar tsanar roba tana buƙatar mazubin ƙarfe da ake zuba narkakkiyar roba a ciki, kuma sassaƙa mazubi ɗaya na cin dubban daloli. Shi ya sa kamfanoni ke son amfani da mazubi ɗaya su fitar da launi daban-daban. Amma fenti mai ƙyalli, da tayar roba, da ɗinkin hannu, duk ƙarin kuɗi ne. Idan motar da ta fi tsadar yi za a sayar da ita a farashin gama-gari, kamfani ba zai iya cika kwali da ita ba. Zai yi kaɗan, ya ɗauki ƙarin kuɗin a matsayin kuɗin talla.

Akwai kuma batun lasisi. Idan abin wasa yana ɗauke da siffar jarumin fim ko tambarin kamfanin mota, sai an biya mai haƙƙin, kuma yarjejeniyar kan ƙayyade tsawon lokaci da ƙasashen da za a sayar. Da wa'adi ya cika, an daina yi ke nan.

Dalili na uku: ƙarancin da aka ƙirƙira da gangan

Nan ne allon balan-balan ya dawo. Kamfanin Pop Mart, wanda Wang Ning ya kafa a birnin Beijin a 2010, ya mayar da rufaffen kwali babbar sana'arsa. Mai saye yana biya ba tare da ya san wace 'yar tsana ce a ciki ba. Mafi shaharar kayansa ita ce Labubu, 'yar dodanniya mai dogayen kunnuwa da haƙora tara, wadda mai zane Kasing Lung, haifaffen Hong Kong, ya ƙirƙira a 2015, Pop Mart kuma ya fara sayar da ita a 2019. A jerin masu gashi da ake ratayawa a jaka, akwai nau'i shida na gama-gari da guda ɗaya na ɓoye, kuma an rubuta a jikin kwali cewa damar samun na ɓoyen ita ce 1 cikin 72. A wasu jerin masu nau'i goma sha biyu, damar 1 ce cikin 144.

Bayan mawaƙiyar nan Lisa ta ƙungiyar Blackpink ta nuna tata a Instagram a 2024, sai kasuwar ta yi tashin gwauron zabi. A watan Mayun 2025 kamfanin ya dakatar da sayar da Labubu na ɗan lokaci a shagunansa na Birtaniya saboda dogayen layuka da faɗace-faɗace. A watan Yuni na wannan shekarar aka yi gwanjon wata Labubu mai tsayin mutum a Beijin a kan yuwan miliyan 1.08, kimanin dala 150,000.

Me kamfani ke samu? Abu uku. Mai neman guda ɗaya yana sayen goma. Mai saye yana dawowa shago a kai a kai ko sabon kwali ya sauka. Sannan duk wanda ya dace yana ɗaukar bidiyo ya watsa, ya yi wa kamfani talla kyauta. Bidiyon masu buɗe kwali da ke yawo a waya galibi na waɗanda suka dace ne. Mutum saba'in da ɗayan da ba su dace ba, ba su da abin nunawa.

Daga Sin zuwa Daura: kowane zango yana tace kaya

Ko da kamfani bai rage komai ba, nisan hanya kaɗai ya isa ya haifar da ƙaranci. Kaso mai yawa na kayan wasan duniya a ƙasar Sin ake yin su, musamman a yankin Chenghai na birnin Shantou, kuma 'yan kasuwar Najeriya kan yi sari a Yiwu da Guangzhou. Kaya su hau jirgin ruwa zuwa Legas, su hau tirela zuwa Kano, su sauka wajen manyan diloli a kasuwanni irin su Sabon Gari. Daga nan ne mai shago ko mai tebur na Daura zai saro nasa, ya biyo hanyar Kazaure ya dawo gida. Wani abin kuma bai tsaya a Daura ba, sai ya wuce kasuwar Mai'aduwa ta ranar Lahadi, ko Baure, ko Sandamu, ko ya tsallaka Nijar ta Kongolam.

A ƙaddara dila a Kano ya buɗe kwali mai guda 72 wanda ke da na musamman guda ɗaya. Mai tebur daga Daura ba kwali zai ɗauka ba, dozin ɗaya jarinsa zai iya. Ko da dilan bai taɓa komai ba, damar na musamman ya faɗo cikin dozin ɗin ita ce 1 cikin 6. Idan kuwa dilan ko yaron shagonsa ya san darajarsa, tun a Kano za a zare shi a sayar daban. Ke nan abin da ya bar masana'anta da ƙaranci, kafin ya iso ƙarshen hanya ya zama babu.

Ga kuma canjin kuɗi. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, dala ta yi tsada, mai shigo da kaya ya koma zaɓar abin da ya tabbata zai fita da wuri: bindigar ruwa, tabarau, agogon roba, motar batir. Kayan tarawa na asali masu tsada ba su cika shiga lissafinsa ba. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sun nuna wa 'yan kasuwar masarautar Daura yadda kaya ke yankewa ba tare da wani kamfani ya shirya hakan ba. Sannan kasuwar kayan wasa a nan ta lokaci ce: ƙaramar sallah, babbar sallah, da sallar Gani, lokacin da gari ke cika da baƙi masu zuwa kallon hawa. Mai tebur zai saro daidai abin da zai ƙare a kwanakin nan, don ba ya son ya kwana da kaya har wata shekara.

Dabarar ta shigo waya

Mai karatun da bai damu da 'yar tsana ba kada ya ɗauka abin bai shafe shi ba. Kamfanonin waya suna amfani da dabarar. A 2014 OnePlus ya fito da wayarsa ta farko, ba a saye sai da katin gayyata. Xiaomi ya yi suna da sakin waya kaɗan a intanet a wata ƙayyadaddiyar sa'a, ta ƙare nan take, labari ya bazu. Infinix ya fitar da Hot 30 mai adon Free Fire a 2023, Tecno kuma ya fitar da Spark 30 Pro mai adon Transformers a 2024. A irin waɗannan wayoyi, bambancin yawanci a murfi yake, da kwali, da hotunan fuskar waya. Don haka kafin a ƙara kuɗi, a kwatanta injin, da ma'adana, da batir, da kyamara, da na gama-garin.

Akwai kuma ƙarancin gaske. Lokacin da PlayStation 5 ta fito a Nuwamban 2020, ta yi wuyar samu na tsawon lokaci saboda ƙarancin ƙwaƙwalwar na'urori da ya addabi duniya a zamanin korona. Wannan ba dabara ba ce, Sony ma so yake ya sayar.

Inda abin ya fi tsanani shi ne cikin gem. A Free Fire, da PUBG Mobile, da eFootball, ana biyan kuɗi a juya ƙafar sa'a ko a buɗe akwati, ko za a dace da wata riga, ko bindiga mai ado, ko shahararren ɗan ƙwallo. A nan babu mazubi, babu jirgin ruwa, babu dila. Kwafin rigar gem miliyan ɗaya bai fi kwafi ɗaya tsadar yi ba. Ƙarancin gaba ɗayansa lamba ce da aka rubuta a manhaja. Shi ya sa hukumomi suka sa baki. Ƙasar Sin ta wajabta bayyana damar cin akwatunan gem daga Mayun 2017. Apple ya sa wannan sharaɗi a shagon manhajojinsa a Disambar 2017, Google ya bi sahu a 2019. Beljiyam ta ɗauki akwatunan da ake saye da kuɗi a matsayin caca a 2018. A 2023 kuma Sin ta hana sayar wa yaran da ba su kai shekara 8 ba rufaffen kwali, ta kuma ce dole a bayyana damar samun kowane nau'i.

Lissafin da ya kamata kowa ya iya

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa "1 cikin 72" na nufin wanda ya sayi 72 dole ya samu. Ba haka ba ne, matuƙar kwalayen daga wurare daban-daban aka tsinto su. Kowane kwali da damarsa, kuma wanda aka buɗe jiya bai ƙara wa na yau komai ba. Ga yadda lissafin yake:

Wanda ya sayi kwali 10, damarsa ta samun na ɓoye kusan kashi 13 cikin 100 ce.

Wanda ya sayi 50, damarsa ta kai rabi da rabi.

Wanda ya sayi 72 cif, damarsa kusan kashi 63 ce. Wato cikin mutum uku da suka yi wannan ɓarin kuɗi, fiye da ɗaya zai tashi a tutar babu.

Haka abin yake a gem. Idan aka rubuta damar kashi 1 cikin 100, wanda ya juya sau 100 yana da kusan kashi 37 na tashi hannu rabbana. Dabarar gane tsadar abu mai sauƙi ce: a ninka farashin gwaji ɗaya da lambar da ke ƙasa. Idan gwaji ɗaya naira 500 ne, damar kuma 1 cikin 100, to matsakaicin kuɗin wannan rigar naira 50,000 ne. Sai mutum ya tambayi kansa: da an rataye ta da wannan farashi a fili, zai saya?

Shin jari ne?

Masu talla a WhatsApp da TikTok kan ce a saya a ajiye, farashi zai ninka. Tarihi yana da amsa. A shekarun 1990 kamfanin Ty na Amurka ya riƙa ba ƙananan shaguna 'yan tsanar Beanie Babies kaɗan-kaɗan, yana kuma sanar da daina yin wasu ba zato. Mutane suka zuba ajiyarsu suna ganin sun samu jari. Zuwa shekarar 2000 kasuwar ta rushe, akasarin 'yan tsanar suka koma ba su kai kuɗin da aka saye su ba. Ita ma Labubu, da Pop Mart ya ƙara yawan abin da yake fitarwa a tsakiyar 2025, farashinta a hannun masu sayarwa na biyu ya sauko. Wanda ke riƙe da mazubi shi ke riƙe da farashi, kuma ranar da ya ga dama zai buɗe famfo.

Kamfani ma yakan ƙone hannunsa. A 1996 Playmates ya fitar da wani ɗan tsanan Star Trek guda 1,701 kacal, daidai da lambar jirgin da ke cikin fim ɗin. Masu tarawa da suka ga ba za su taɓa cika jerinsu ba suka fusata, wasu suka daina saye gaba ɗaya, har kamfanin ya sake fitar da shi daga baya.

Abin lura kafin a biya

Na farko, a nemi lambar. Kwali ko gem ɗin da bai bayyana damar samu ba, a bar shi. A gem, yawanci tana ɓoye a wata ƙaramar alama kusa da maɓallin biya.

Na biyu, a yi hattara da jabu. Duk inda kaya suka yi ƙaranci, na bogi ke cike gurbin. Jabun Labubu sun yi yawan da har aka laƙaba musu suna Lafufu. Ta asali haƙoranta tara ne, kuma kwalinta na da lambar da ake ɗauka da kyamarar waya a tantance a shafin kamfanin. Masu jabu ma suna buga tasu lambar da ke kai mutum shafin bogi, don haka a duba adireshin da ya buɗe da kyau. A Agustan 2025 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta yi gargaɗin cewa na jabun suna ɓallewa, kuma ƙaramin yaro zai iya shaƙewa da su. Wannan ya shafi duk gidan da ke da mai rarrafe.

Na uku, idan mai sayarwa ya nuna "na ɓoye" guda goma a tebur ɗaya a farashi mai sauƙi, lissafin da ke sama ya isa shaida a kansa. Araha ba ta ado.

Na huɗu, kada a tura kuɗi ga wanda aka sani a intanet kawai saboda ya ce saura guda biyu, ko saura minti goma. Gaggawar ita ce tarkon.

Na biyar, idan nau'i ɗaya ake so, ya fi sauƙi a saye shi a buɗe, ko a yi musaya da aboki, a kan a yi ta gwada sa'a. Hausawa sun daɗe da hana cinikin biri a sama, kuma malaman fiƙihu suna da dogon bayani a kan cinikin garari, wato sayen abin da ba a san haƙiƙaninsa ba. Mai shakka ya tambayi malaminsa.

Na shida, iyaye da yayye su sa kalmar sirri a kan biyan kuɗi a Play Store kafin su miƙa wa yaro waya, musamman idan an haɗa ta da katin banki.

Kammalawa

Idan abin wasa, ko waya, ko rigar gem ta yi wuyar samu, tambaya ɗaya ce ke warware zancen: wa ya rage ta, kuma me zai samu? Wani lokaci hasashe ne ya kuskure, wani lokaci tsadar ƙira ce, wani lokaci doguwar hanyar Legas zuwa Kano zuwa Daura ce ta tace kayan, wani lokaci kuma an rage ne don a sa mai saye ya dawo. Yaron da ke gaban allon balan-balan kuɗin sallarsa kawai zai rasa, gobe ya manta. Matashin da ke riƙe da waya mai haɗe da asusun banki kuwa, allonsa ba ya naɗewa da magariba, kuma takardun cikinsa ba sa ƙarewa. Kafin ya danna, ya ninka farashin da lambar da ke ƙasa, ya ga ko har yanzu yana so.